Minti Bakwai na Baba Kuku

Surukina kuku ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa karin kumallo a wani otal da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa dawo masa da faranti ba. Haka yake faɗa, ni kuma ban taɓa samun wanda ya ƙaryata shi ba. A layinmu Baba Kuku ake ce masa. Ni Baba nake cewa, shi kuma "'yar nan" yake ce min, tun ranar da na shigo danginsu har yau.

Gidanmu a hawa na biyu yake, ɗaki uku da falo, sai wani kicin da in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya riƙe numfashi. Da matarsa ta rasu, maigidana ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinmu. Ba zan yi ƙarya ba, ban so ba. Na ce a raina, ga tsoho, ga shi kuku, shi ke nan girkina ya shiga uku. Amma bawan Allahn nan bai taɓa leƙa tukunyata ba. Abu ɗaya ya roƙa, yana tsaye a ƙofar kicin da kaskonsa a hammata.

"'Yar nan, rana da dare naki ne. Ki bar min safiya."

Na ce, "Baba, in kana so har da hantsi na ba ka." Dama ni da tashin sassafe ba ma ga maciji.

Fiza yake mana. Kar ku hango irin ta kanti mai zuwa a kwali. Tasa ta kasko ce, wadda ya ƙirƙiro wa ma'aikatan otal tun yana saurayi, saboda babbar tanda ta baƙi ce, ba a kunna ta don masu wanke-wanke. Ƙarfe shida za ka ji shi yana kwaɓa fulawa da madara da ɗan mai da gishiri. Ba ya sa yis, ya ce yis na masu lokaci ne. Da tsohuwar kwalba yake murza kwaɓin har ya yi fale-fale, ya shimfiɗa a kasko, in gefe ɗaya ya kama ya juya. Sai ya shafa tumatirin da ya daka da tafarnuwa, ya watsa albasa da tattasai, ya fasa ƙwai uku a kai da hannu ɗaya, ya goga cuku, ya rage wuta, ya rufe. Ɓangaren babbar 'yata babu albasa, na ubanta barkono kamar an yi faɗa da shi, nawa kuma gefen da ya fi ƙauri, don ya lura shi nake fara ci. Auta lokacin ba ta fi shekara biyu ba, gwaiduwar kawai take lashewa ta bar mana sauran.

Doka ɗaya gare shi: in an rufe kasko ba a buɗewa sai ya nuna. Ya ce mai ɗaga murfi yana leƙe bai yarda da hannunsa ba, kuma turirin da ya gudu ba ya dawowa. Shi ko tsayawa a kicin ɗin ba ya yi. Yana rufewa sai ya cika wata baƙar butar shayi da ya zo da ita, mai lotsattsen gefe, ya ɗora a wutar baya, ya fita baranda da takalman makarantar babbar 'yata da na aikin ɗansa, ya zauna yana goge su. Butar nan fito take yi in ta tafasa, wani irin ihu da ke ratsa min kai ina cikin barci mai daɗi. Tana yi sai ya ajiye buroshi, ya wanke hannu, ya sauke kasko. Kullum daidai, ƙasan fizar ya yi ja, cuku ya narke, ƙwai na ɗan rawa.

Butar ita ce agogonsa. Minti bakwai take ɗauka ta tafasa, minti bakwai fizar ke buƙata. Ba wanda ya san haka a gidan. Mu dai a wurinmu buta ta shayi ce, fiza kuma gwanintar Baba.

Shekararsa uku tare da mu na samu aiki a wani ɗakin gwajin jini, ina karɓar mutane a kanta. Da albashin farko ya shigo na ce wallahi sai na yi wa tsohon nan abin arziki. Na sayo butar lantarki mai ƙyalli, wadda ke tafasa ruwa kafin ka ce me, ta kashe kanta shiru ba ta tashi kowa ba. Har da ƙyallen ado na ɗaura wa kwalin. Ita kuwa baƙar, da yamma mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce da kurarsa, na miƙa masa ita ina murna. Na shiga ɗakin Baba bakina har kunne.

Ya buɗe kwalin ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ina waccan?"

"Ta tafi inda tsofaffi irinta ke tafiya, Baba. Ka huta da ihunta."

Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya sa albarka a aikin." Na fito ina jin babu surukar kirki kamata a duk benen.

Washegari fizar ta fito ɗanya a tsakiya. Muka yi dariya, maigidana ya ce yau Baba ya aiko mana da ƙwai ya zo da ƙafarsa. Bayan kwana biyu ta ƙone. Baba ya kankare ƙasan da wuƙa ya ce wutar ce ta yi yawa. Sati bai cika ba ta sake ƙonewa. Yanzu na san abin da yake yi a barandar nan: ƙirge yake a zuci, hannu na goge takalmi, ga warin man takalmi ya cika masa hanci, ga ƙarar motoci daga titi. Wani lokaci ya shigo da wuri, wani lokaci ya makara. Kuma girman kai irin na kuku ya hana shi tsayawa a kan kasko kamar ɗan koyo.

Ranar da abin ya ɓaci, Talata ce. Ya bar tsumma kusa da kaskon, fizar ta zama gawayi, tsumman ya kama. Ina banɗaki na ji maƙwabciyarmu tana dukan ƙofa tana salati, hayaƙi na fita ta tagarmu. Maigidana ya kashe wutar da jiƙaƙƙen tawul. Ba wanda ya ji rauni, bangon ne kawai ya yi baƙi. Amma Auta tana falo a lokacin tana tari, ni kuwa in aka taɓa min 'ya ba na ganin kowa da gashi. Na juya kan tsohon nan yana tsaye da buroshi a hannu, na ce, "Baba, so kake ka kashe mu ne? In ba za ka iya ba ai sai ka faɗa!"

Ya ajiye buroshin, ya shige ɗaki.

Da yamma yayar maigidana ta zo. Nas ce a babban asibiti, kuma irin mutanen nan ne da in ka yi atishawa sai sun gaya maka sunan ciwon. Ta zaunar da mu ta ce haka mantuwar tsufa take farawa, da abin da mutum ya fi ƙwarewa a kai. Ta tambaye mu ko yana ajiye abu ya manta. To wa ba ya yi? Muka shiga tono: ranar da ya nemi tabarau yana goshinsa, ranar da ya kira babbar 'yata da sunan Auta. Ni na fi kowa kawo shaida. Allah ya yafe min, har da ƙari na yi.

Aka kai shi wurin likita. Wani matashi ne mai ladabi, ya tambaye shi yau nawa ga wata. Baba ya ce shi ɗan fansho ne, me zai yi da kwanan wata. Ya ba shi kalmomi uku ya ce ya riƙe zai tambaye shi an jima. Da an jima ta yi, Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, na ciyar da mutum ɗari biyu a safiya guda, kowa da irin ƙwan da yake so, ban rubuta ba. Ba zan zauna ina maimaita maka doki da kujera ba." Likita ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce ba a tabbatar da komai ba tukuna, amma a sa ido, kuma a nisanta shi da wuta.

Maigidana mai gyaran lantarki ne, Baba na tsokanarsa da Injiniya. Shi a duniyarsa kowace matsala akwai ƙarfen da ke maganinta. Ran Asabar ya kafa wa durowar tukunyar gas ƙofa, ya sa kwaɗo, ya miƙo min makulli. Baba na zaune a falo yana jin ƙarar sukundireba.

"Injiniya, ni ake kulle wa?"

"Ba kai ba ne, Baba. Saboda yara ne."

"To. Allah ya tsare yaran."

Daga nan safiya ta dawo hannuna. Kwana biyu na ba su shayi da burodi, babbar 'yata ta ture kofi ta ce ita fizar Kaka take so. Dole na koya. Na sa agogon waya, na ƙona biyu, ta uku ta ciwu, cikin wata guda na ƙware har ina yabon kaina. Baba kuwa bai daina tashi ƙarfe shida ba. Zai yi wanka ya sa farar rigarsa, ya fito ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofar kicin, hannuwansa a kan gwiwa. Takalman ma ya daina gogewa, don wata rana Nas ta ce kar a bar shi shi kaɗai a baranda. In na kawo masa nasa yankin sai ya ce, "Sannu da aiki, 'yar nan," ya ci rabi. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Mutumin da in ya fara labarin otal sai ka roƙe shi ya tsaya, ya koma sai ka yi masa magana uku ya amsa ɗaya. Mu kuma muka ce ka gani ko, ciwon ne yake ci gaba.

Wata huɗu muna haka, sai ga wani tsohon abokin aikinsa ya kawo ziyara, wani dogon mutum mai dariya kamar ana buga ganga, wanda ya yi shekaru yana kai wa baƙi abinci a otal ɗin. Dogo suke ce masa. Na kawo musu shayi a butar lantarki. Ya dube ta, ya dubi Baba, ya fashe da dariya.

"Kai, Kuku! An ci gaba! Ina uwar ɗakinka?"

Na ce, "Wace uwar ɗaki, Kawu?"

"Baƙar butarsa mana! Ai mu a otal ita muke kira babban kuku. Shekara talatin mutumin nan bai taɓa duba agogo ba. Ya ɗora ta, in ta yi fito ya sauke abinci. Akwai ranar da wani sabon yaro ya ɗauke ta ya wanke, wallahi ƙwai arba'in Kuku ya ƙona, manaja har kicin ya sauko." Ya sake tuntsirewa da dariya yana dukan cinya. Shi kaɗai yake dariyar.

Na ajiye tiren da ke hannuna. Na dubi Baba. Ya kafa wa kofinsa ido.

Da baƙon ya tafi na bi shi ɗaki. Ban taɓa zama a ɗakin surukina ba sai ranar, na durƙusa a bakin gado ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Na ce, "Baba, don girman Allah me ya hana ka faɗa? Kalma ɗaya! Da ka ce min 'yar nan butata ce, da na bi mai kurar nan har inda yake kwana."

Ya ce, "Kin shigo kina dariya da kwali a hannu. Guminki na farko. In ce miki me?"

"To daga baya fa? Da aka kai ka asibiti? Da aka sa kwaɗo?"

Ya ce, "In tsaya gaban ɗana da 'yata in ce musu shekara talatin buta ce ke girkin, ni ɗan rakiya ne? Na ɗauka kwana biyu zan saba. Da na ga ban saba ba..." Ya murza tafin hannunsa. "Sai na fara tunanin ko gaskiyarku ce. Mutum huɗu har da likita, ai ba za su taru a kan ƙarya ba."

Wannan maganar ita ce har yau take hana ni sukuni. Garin gyaran gira na tsone masa ido, kuma ya zauna yana sa min albarka.

Maigidana na dawowa na tare shi a ƙofa, ko takalmi bai cire ba. Na faɗa masa komai, na kira Nas a waya na faɗa mata, da muryar da ban taɓa yi mata magana da ita ba. Ta ce ai duk da haka shekaru sun ja, a bi a hankali. Na ce a hankalin ne ya kawo mu nan. Maigidana ya shige kicin. Ya ɗauko sukundireba ya cire ƙofar durowar gaba ɗaya, ya zauna a ƙasan kicin ya rufe fuska da hannu.

Kwana uku ina yawon kasuwa kafin na samu buta mai fito. Duk shagon da na shiga sai a nuna min ta lantarki, a ce Hajiya ai an wuce wannan zamanin. A wani lungu na same ta wurin mai kayan gwanjo. Na kawo gida na yi ta gwaji da agogon waya, in ƙara ruwa in rage, har na samu daidai inda take kaiwa minti bakwai, na sa ƙusa na yi zane a ciki. Na wanke kaskonsa na shafa masa mai. Na sayo cuku mai kyau.

Ranar Lahadi duk muka tashi da wuri, har maigidana da ba ya motsi sai tara. Baba ya fito da farar rigarsa. Na ce, "Baba, ga kicin ɗinka." Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "An yarda?" Ɗansa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya shiga. Kwaɓin ya yi shi kamar jiya ya bari, kwalbar na gudu a hannunsa, har na fara jin sanyi a raina. Ya shafa tumatir, ya fasa ƙwai, ya rufe, ya ɗora buta. Na riga na ajiye masa takalma da buroshi a baranda. Bai je ba. Ya tsaya a gaban gas ɗin. Ya kawar da tsumma, ya sake kawar da shi can nesa. Ya sunkuya ya duba wutar, ya rage ta. Minti biyu ba su yi ba na ga hannunsa ya tafi kan murfin. Ya ɗaga, ya leƙa, ya rufe. Ya juyo ya dube mu, mu huɗu jere a ƙofa muna kallonsa kamar masu gadi. Ya sake ɗagawa. Sau biyar na ƙirga. Da butar ta yi fito sai ya zabura, ya kashe duka wutar biyu, ya ja da baya har ya bugi firiji.

Fizar ba ta nuna ba. Cukun ko narkewa bai gama yi ba. Muka ce ta yi daɗi, babbar 'yata ma, baiwar Allah, ta ce a ƙara mata. Ya yanki ɗan gefe ya tauna, ya ajiye wuƙar.

"Ba ta yi ba. Ku daina." Ya kwance ƙyallen da ya ɗaura a ƙugu, ya ninke shi sau huɗu, ya miƙo min. "Riƙe, 'yar nan. Hannun ya daina yarda da ni."

Na roƙe shi. Washegari na roƙe shi, sati na zagayowa na sake. Har ƙaryar ciwon hannu na yi, na ɗaure shi da bandeji, ya dube ni ya ce a sayo burodi. Maigidana ya kai shi wurin wani likitan, aka yi gwaji na gaske, wannan karon ya amsa komai tiryan-tiryan, aka ce ƙwaƙwalwarsa ta fi ta wasu matasa. Ya karɓi takardar ya sa a aljihu, bai ko karanta ba.

Shekara biyu ke nan. Yana nan da ransa da lafiyarsa, yana tashi ƙarfe shida, yana zama a kujerarsa. Ni nake fizar. Ba ya gyara min, ko da na yi kuskure da gangan don ya tanka.

Shekaranjiya Auta, da yanzu ta shiga makaranta, ta ɗauki farantinta ta je ta haye cinyarsa. Tana ci tana surutu, sai ta ɗaga masa wani yanki ta ce, "Kaka, ci ka ji. Duk duniya Mamata ce kaɗai ta iya wannan. Kai ba ka iya ba ko?"

Ina kicin, wuƙa a hannuna. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

Ya goge mata tumatir a haɓa da babban yatsansa, ya ce, "Ban iya ba, uwata."